Yadda Kawu Mainasara Ya Hori Sabuwar Mota

Kawu Mainasara bai iya tuƙi ba, kuma bai taɓa cewa zai koya ba. Amma duk sanda farar a-kori-kurar gidanmu ta gifta a Boɗinga sai ka ji an ce, "Ga motar Mainasara can." Shi ne yayan mahaifiyata, ɗan farin kakarmu Inna Kaltume, kuma a gidansa na tashi tun bayan rasuwar babana.

Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ɗan yatsansa na hagu guntu ne saboda igiya ta taɓa cinye masa kai tun yana saurayi. Sana'ar da ya gada ita ce horar da shanun huɗa. Daga Dingyaɗi, daga Lambara, har daga ƙauyukan bayan Shagari ake jawo masa bijimai. Mutum zai iso yana haki, bijiminsa ya fasa danga a hanya ya watsa wa mai ƙosai kasko, ya miƙa wa Kawu igiyar hanci ya ce yana son a ɗora masa garma kafin ruwan shuka. Kawu zai dubi dabbar, ya shafa tozonta, ya ce wa mai ita ya tafi gida.

Na ga yadda yake yi tun ina ƙarama. Da fari ba ya ɗora wa sabon sa komai. Sai ya haɗa shi da wani tsohon sa mai sanyin hali, su riƙa zuwa rijiya tare suna dawowa. In ya saba, sai a sa masa karkiya ita kaɗai. Bayan nan a ɗaura masa ɗan gungume ya yi ta ja a fili, sannan amalanke ba kaya. Masu shanu sukan gaji da jira su zo suna faɗa a ƙofar gida. Amsarsa ba ta canzawa. Yakan ce, "In kun ka matsa, ku ɗora mai yau, shina ja. Wallahi shina ja. Amma ya riƙe abin a wuya nai, baɗi war haka kuna ganin shi kwance tsakiyar gona." Wasu sun kwashe shanunsu cikin fushi. Mafi yawa sun bari.

Da rani kuma manomin albasa ne. Yana da fadama a Lambara, gadon Inna Kaltume daga wajen ubanta. Albasar nan ita ce ƙashin bayan gidanmu. In an tuge ta, ta sha iska a gona, sai a kawo ta gida a jera a rudu, wato ɗakin kara mai tsayi da ake ajiye ta don iska ta riƙa ratsa ta. Daga nan ake ɗiba kaɗan-kaɗan ana kaiwa kasuwa, a sayi takin damina, a cike rumbu in hatsi ya ja baya, a yi wa yara ɗinkin Salla.

Gwiwoyinsa ne suka fara gaza masa. Shekarar da ya sayar da shanunsa biyu na ƙarshe, ya raka su har bakin titi, ya dawo bai ci tuwon dare ba. Abin da ya sa ya yarda ya rabu da su, ƙanensa Kawu Haliru ne ya ce mota tana zuwa. Kawu Haliru ya tafi Fatakwal tun kafin a haife ni, yana tuƙa motar wani kamfani. Bai gina gida ba, bai ƙara aure ba. Da aka sallame shi daga aiki, ya haɗa abin da aka ba shi da abin da ya tara tsawon rayuwarsa, ya sayi a-kori-kura sabuwa fil mai ƙofa huɗu, ya ce ta gida ce. Shi zai ɗan tsaya can ya kammala harkokinsa. Kafin ta iso Kawu Mainasara ya sa Malami, bakaniken unguwarmu da ke taɓa walda, ya ƙera masa ƙaramar tirela mai taya biyu wadda za a maƙala a bayanta. Aka yi mata shuɗin fenti aka jingine ta a gindin dogon yaron ƙofar gida.

A kan wata babbar mota aka goyo ta, kujerunta duk a leda. Unguwa ta fito. Kamal, babban ɗan Kawu, wanda ya daɗe yana jan motar haya tsakanin Boɗinga da Sakkwato, ya zagaye ta yana ta salati. Ana cikin haka Kawu Haliru ya bugo waya, aka buɗe murya kowa yana ji.

Ya ce, "Yaya, magana guda. Waɗanda sun ka sayar min sun ce kada ta ja komi sai ta yi kilomita dubu an yi mata juyen mai. Kada a kora ta da gudu, kada kuma a riƙe ta a gudu iri guda. Injin sabo ne, haƙora nai ba su zauna ba."

Na ga fuskar Kawu ta buɗe kamar an yi masa albishir. Ya ce, "Ashe su ma sun sani." Sannan ya ce, "Na ji, Haliru. Na ɗauka." Ya miƙa hannu Kamal ya ba shi makulli, ya zura shi a aljihun 'yar cikinsa.

Matsalar ita ce, a lokacin albasa ta riga ta nuna. An yi latin dashe a shekarar, bazara ta shigo ana tugewa. Albarka kuwa aka samu irin wadda Inna ta ce ba ta gani ba tun zamanin mijinta. Kamal ya yi lissafinsa: da tirela, sawu kaɗan za a kwashe fadamar duka. Ya ce a bar shi ya miƙe titi ya yi doguwar tafiya, kwana biyu ya cika kilomitar ya dawo. Kawu ya ce a'a. Doguwar hanya mutum zai danne totur ya manta, kuma shi ba ya horon abin da idonsa ba ya kai.

To ina za a je da mota ba kaya? Inna Kaltume ce ta warware wannan. Ita ba ta faɗin sunan Kawu saboda ɗan fari ne, ko magana ba ta cika yi masa kai tsaye ba. Ta kira ni, shi yana zaune kusa da ita a kan tabarma, ta ce, "Juwairiyya, hwaɗa ma wancan, in yawon banza za su yi da ita, ni ina da gaisuwar da ban kai ba."

Haka aka fara. Kullum da safe Kamal a sitiyari, Kawu a gefensa, ni da Inna a baya ina riƙe mata buta da ƙullin goro. Muka je Dingyaɗi wajen ƙanwarta Nana Fatima, wadda rabon da su ga juna tun aurena bai zo a zance ba, ina firamare. Tsofaffin nan biyu suka riƙe hannun juna suna kuka suna zargin juna da rashin zumunci. Muka je Shagari ta'aziyyar wani ɗan kawunta da ya rasu shekaru uku da suka wuce. Muka je barkar haihuwar yaron da muka iske yana gudu da ƙafarsa. A hanya Inna takan nuna min da yatsa: nan ne rijiyar da kakanku ya fara ganina, can ne aka binne 'yan biyun Goggo Hafsat. Rabin abin da na sani game da danginmu, a kujerar bayan motar nan na ji shi.

Shi kuwa Kawu ba ya jin hirarmu. Yakan ɗora tafin hannunsa a gaban motar, ya ɗan karkata kai, yana sauraren injin.

"Hau da ita kaɗan, Kamalu."

Kamal ya ƙara.

"Ya isa. Sauko."

"Baba, yanzu fa ka ce in hau."

"Awo. Yanzu kuma na ce ka sauko."

In mun yi ɗan nisa sai ya sa a tsaya a inuwa a buɗe mata baki ta sha iska. Kamal ya yi rantsuwa motocin zamani ba su bukatar haka, Kawu ya ce ai ba ta ce ba ta so ba. Wata rana tsakanin Boɗinga da Shagari wani mai keke-napep cike da mata ya wuce mu, ya leƙo kai ya yi ihu, "Baba Mainasara, a ƙara mata dusa mana!" Kawu ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ta ci, ɗana. Kai ka karya?" Inna ta yi dariya har ta ƙware. Kamal kuwa, wanda duk tashar Boɗinga ta san shi da gudu, ya ja hularsa ya rufe goshi.

Da tafiya ta yi rabi, Kawu ya sa aka jefa buhu biyu na yashi a baya. Na tuna gungumen da yake ɗaura wa shanu. Bayan wasu kwanaki ya yarda a riƙa biyawa ta Lambara ana ɗauko albasa buhu kaɗan a kowane sawu. Rudu ya fara samun kaya, amma kusan duka amfanin yana can shimfiɗe a fadama, an lulluɓe shi da ganyensa. Kowa a gidan ya san in ruwa ya same ta a nan, ta tafi. Fadama kwari ce, ruwa ba daga sama kaɗai yake zuwa mata ba, ta ƙasa yake malalowa ya kwanta.

Ranar da abin ya faru, tun hantsi zafi ya yi wani irin nauyi, ko ganye ba ya motsi. Bayan azahar sai ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, a lokacin da ba wanda yake tsammanin ruwa. Kamal ya fito da gudu ya kama wuyan tirela yana ja shi kaɗai zuwa bayan mota. Kawu ya fito daga zaure yana gyara hula.

"Aje ta."

"Baba, dubi gabas!"

"Na gani. Aje ta."

"Kilomitar da ta rage a mitar nan ba ta taka kara ta karya ba. Wallahi Baba ba abin da zai same ta. Sawu biyu, mun kwashe."

"Hanyar fadama yashi ce, Kamalu. Ja cikin yashi ba ja kan kwalta ba ne."

Kamal ya zaro waya ya nemi motar haya, ya kira mutum uku, kowa yana can yana ceton tasa albasar. Sai ya kira Kawu Haliru, ya buɗe murya, ya faɗa masa komai cikin numfashi guda. Muka ji Kawu Haliru ya ce, "Yaya, ku ja. Don Allah ku ja. Na yahe maganar da ni yi. Mota don ku ni saye ta."

Na ɗauka magana ta ƙare. Har matar Kawu, Inna Hajara, ta ce alhamdu lillahi daga bayan ƙyaure. Kawu ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da baki kamar yadda yake yi.

"Haliru, kunyata ka ji, Allah shi yi ma albarka. Amma injin bai ji wayag ga ba. Yadda ya kwana haka ya tashi."

"Yaya, albasar shekara ce fa."

"Albasa shekara guda ta. Wagga ƙuruciyarka ce duka."

Ya miƙa wa Kamal wayar, ya ciro makulli ya ɗora masa a tafin hannu, ya ce kowa mai hannu ya hau. Muka bar tirela a gindin dogon yaro. Kamal ya tada mota, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ina kallon ƙafarsa daga baya, ina jiran ya huce fushinsa a kan totur. Bai yi ba. Yadda aka saba tafiya haka ya tafi, hadari yana biye da mu.

A Lambara Kawu ya ce ba za a kai gida ba, hanya ta yi nisa. Akwai zauren wani ɗan'uwan Inna a kan tudu, can za a riƙa zubawa. Mu mata muna cika buhu, maza suna ɗauka. Mota ta ɗauki abin da Kawu ya yarda ta ɗauka, in an ƙara buhu guda sai ya sa a sauke. Ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo. Iska ta taso tana kwashe ganyen da aka rufe albasar da shi.

A nan na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido. Kawu, wanda sai ya dafa bango yake tashi daga salla, ya tuɓe riga ya naɗa gammo da ita, ya ce a ɗora masa buhu. Buhun da ya hana a ƙara wa mota, shi ya ɗauka a kansa. Ya bi sawun tayar cikin yashi yana hawa tudun, bai tsaya ba. Ya sauke ya dawo ya ce a sake ɗora masa. Wani dattijo maƙwabcin gonarmu ya saki baki yana kallo, ya ce, "La'ilaha illallahu, ga mota ga mutum, mutum ka ɗaukar kaya." Sannan shi ma ya sunkuya ya ce a ɗora masa.

Ana kiran la'asar ruwa ya sauko. Kamar da bakin ƙwarya. Kafin mu ankara fadama ta zama tafki, albasa tana yawo a kan ruwa jajawur. Muka gudu muka fake a zaure. Kawu ya tsaya a bakin gona ruwa yana dukansa, yana kallon abin da ya rage, kuma abin da ya rage ya fi abin da aka kwashe. Da ya shigo, jikinsa yana ɗigar ruwa, Kamal ya kau da kai. Kawu ya yi alwala da ruwan indararo ya ce, "Ku taso mu yi salla."

Washegari aka tsamo abin da za a iya tsamowa cikin taɓo, aka kawo gida aka baza a tsakar gida da kan rufi. Rana ta buɗe sosai, muka yi ta juyawa muna fata. Amma albasar da ta sha ruwa ba ta yafewa. Daga wuya take farawa, ta yi laushi, ta fara tsiyaya. Kullum sai mu tsince masu lafiya mu tura sauran gefe, tulin gefen yana girma, wari ya cika gida har maƙwabta suka fara rufe tagogi. Rudu ko rabi bai kai ba. Shekarar ba a yi mana ɗinkin Babbar Salla ba, kuma gonar gero ta ga taki rabin abin da ta saba. Ban taɓa jin Kawu ya ambaci asarar ba. Inna Kaltume ce kawai ta ce min, yana zaune a wurin, "Hwaɗa ma wancan, taurin kan uba nai ya ɗauko, bai bar ko kaɗan ba." Ta faɗa tana tura masa kwanon furarta.

Bai fasa fita ba. Aka ci gaba da yawon hawa da sauka har mitar ta cika. Ranar aka kai ta wajen Malami ya yi mata juye. Kawu ya tsuguna ya sa yatsa cikin tsohon man da aka zubo, ya murza, ya duba a hasken rana. Malami yana goge hannu ya ce, "Baba, gaskiya da kun ja ran nan a hankali, wataƙila ba abin da zai same ta."

Kawu ya ce, "Wataƙila."

Kamal ya ce, "Ka ji ko, Baba?"

"Na ji. Ya ce wataƙila."

Har yau Kamal yana nan a kan bakansa cewa an yi asarar banza, kuma in zancen ya taso ba ya ɓoyewa. Ni ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba. Abin da na sani, Kawu ya san abin da zai rasa tun yana tsaye a ƙofar gida, ya dube shi ido da ido, ya zaɓa.

Da suka dawo daga wajen Malami, Kawu da kansa ya kama wuyan tirela, Kamal ya yo baya da mota a hankali, aka saka ƙugiya aka ɗaure sarƙa. Yaran unguwa suka taru za su ga kayan farko. Kawu ya shiga gida ya fito da shebur biyu, ya miƙa wa Kamal ɗaya, ya nufi tulin ruɓaɓɓiyar albasar. Suka yi ta kwasa suna zubawa har tirelar ta cika ta yi tozo, ruwanta yana ɗiga ta ƙasa, ƙudaje sun yi mata rumfa. Za a kai ta bayan gari a zubar.

Na roƙa aka tafi da ni. Muka ratsa tsakiyar Boɗinga da ita, mutane suna toshe hanci da bakin riga. Masu shayi suka tashi tsaye, wani ya ce, "Mainasara, wannan ce amaryar da anka daɗe ana ma lalle?" Kawu yana gaba ya miƙe zaune, sanye da farar rigarsa ta Juma'a, yana amsa gaisuwa ta taga.

Bayan gari akwai wani hawa mai yashi kafin a kai juji. Kamal ya sauke giya. Motar ta sa kai, tirela ta yi ƙara a baya, na ji nauyin ya ja mu kaɗan, sannan muka haye sumul, muryar injin ba ta ko canza ba. Kawu ya yi hamdala a hankali. Kamal ya juya ya dube shi, sannan ya tsayar da mota a bakin juji.

Suka sauka suka kwance ƙofar tirela, kayan suka zube. Kawu ya tsaya yana duban tulin. Sai ya sunkuya, ya tona da guntun yatsansa, ya zaro wata albasa guda mai ƙarfi da ta tsere mana wajen tsinta. Ya goge ta a hannun rigarsa, ya miƙo min ta taga ya ce, "Riƙe wagga, Juwairiyya. Ki kai ma Hajara ta sa a miya."